Layi Bakwai Kafin Fita Wasa

Ni da Marlys Koskela mun san juna tun muna da giɓi a baki, kuma a cikin shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Kada ku ɗauka yabonta nake yi. Akwai ranakun da na so in shaƙe ta saboda wannan hali. In kika gyara gashi kika tambaye ta ya ta gani, sai ta tsaya ta ƙare miki kallo, sannan ta ce, "Na da ya fi." Ni ce Ardis, shekarata ashirin da shida ina dafa abincin rana a firamaren garinmu, nan arewacin Minnesota, kuma kowa ya san bakina ba ya hutawa. Ita kuwa magana sai ta zama dole. Yadda aka yi muka zama aminai, har yau ban gane ba.

A wurin ubanta ta gaji halin. Tsoho Eino ma'aikacin ramin haƙar ƙarfe ne, yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta ranar da ƙanƙara ta fara zama a ƙasa kowace shekara, da ranar da tafki ya daskare, da ranar da ya narke. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Da ya rasu, Marlys ta ɗauki littafin ta ɗora daga inda ya tsaya.

Tana da ƙane, sunansa Arvo. An haife shi da larurar Down, irin yaran nan da komai suna koyo amma a hankali, harshensu da ɗan nauyi. A wancan zamanin likita ne da kansa zai ce wa iyaye su kai yaro gidan da gwamnati ke ajiye irinsu su manta da shi. Iyayenta suka ƙi, suka riƙe abinsu har ya kai shekara biyar. Da aka je sa shi a makaranta aka ce babu wurinsa, babu kuma mai zama da shi a gida, sai aka kai shi ɗin. Marlys tana da shekara takwas, ita ta ɗaura masa igiyar takalmi da safen da aka tafi da shi. Duk shekara kafin sanyi ya shigo uwarsu sai ta sayi sabon takalmin ƙanƙara ta aika masa ta gidan waya. Yana da shekara goma sha tara ya rasu, aka aiko musu da kayansa a kwali. Takalman duk suna ciki, ƙasansu fes, ba wanda ya taɓa taka ƙasa. Sau ɗaya tak ta ba ni wannan labari, muna fere dankali a coci za a yi jana'izar wani, kuma ba ta sake ɗaga zancen ba.

Ta auri Wendell, direban babbar mota a ramin ƙarfe, suka haifi biyu, yaran suka girma suka tafi birni. Ciwon zuciya ya ɗauke Wendell tana da shekara arba'in da bakwai. Gida ya yi mata faɗi, sai ta zo makarantarmu ta zama mataimakiyar aji, wato mai zama kusa da yaron da ke buƙatar a kama masa. Ta yi shekara goma tana wannan aiki kafin Linnea Saari ta zo.

Linnea ma da larurar Down aka haife ta. Akwai ajin musamman da aka tanada wa irinsu, amma a wani gari ne, mil arba'in daga nan, ƙaramar bas ke kwasarsu da sassafe. Uwarta Corinne, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi, ta ce ƙafar 'yarta ba za ta taka bas ɗin nan ba. Inda 'ya'yan maƙwabta ke zama, nan tata za ta zauna. Doka tana bayanta, amma sai da ta yi wata bakwai tana zarya kafin a yarda, kuma da sharaɗi: duk watan Maris za a zauna taro a duba ko yarinyar za ta wuce aji na gaba tare da sauran yara, ko kuwa a mayar da ita wancan garin. Aka haɗa ta da Marlys. "Misis Koskela" ya yi wa harshen Linnea nauyi, sai ta yanke shi ta mayar da shi Kosi. Ni kuma na zama Ardi.

Kada ku zaci wata 'yar mala'ika ce. Taurin kai ne da ita kamar me. In ta zo gaban tukunyata da farantinta sai ta ɗaure fuska.

"Ardi, ba na cin wake."

"Za ki ci, ko kin fi sauran ne?"

"Ke ki ci. Kin ga tumbinki?"

Yaran da ke bayanta su kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta wuce da waken a faranti, ta kuma cinye shi tas. A aji ɗaya ta iya karanta kalma wajen sittin. Ta san ranar haihuwar kowa a ajin, ta san wanda karensa ya mutu. Wata rana suka kaure da dambe ita da wata yarinya mai suna Brynn a kan abin sulun ƙanƙara, aka tura su duka biyu ofishin shugaban makaranta, aka hana su fita wasa kwana ɗaya. Da Corinne ta zo ɗaukarta aka gaya mata, sai ta shigo kicin ɗina ta rufe ƙofa ta fashe da kuka. Na ce mata haba, ai abin bai kai nan ba. Ta ce, "Ardis, ba ki gane ba. An hukunta 'yata kamar ta kowa." Daga ranar Linnea da Brynn suka zama ba a jin kansu.

Taron Maris na farko ya wuce lafiya. Matsalar a aji biyu ta faro, kuma da takarda ta faro.

A watan Satumba wata mata ta zo daga ofishin ilimi na gunduma, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ba muguwa ba ce, gara in faɗa tun yanzu, don na so ƙwarai a ce muguwa ce. Ta ba Marlys wani ɗan allo da takarda maƙale a jiki. Takardar ba ta da komai sai kwanan wata da fili a gabansa. Ta ce, "Duk lokacin da kika taimaka mata, da hannu ko da baki, ki ja layi ɗaya. Kowane lokaci, Misis Koskela. Ran Juma'a ki miƙa a ofis."

Ai Marlys ba wadda ake ce wa "kowane lokaci" ba ce, don yadda aka faɗa haka za ta yi. In ta nuna wa Linnea shafin da ake karantawa, layi. In ta ce mata ta juyo ta dubi allo, layi. A Satumba da Oktoba layukan ba sa wuce ashirin a rana, wani lokacin ma goma sha biyar.

Sai sanyi ya shigo.

Wanda ya taɓa tsayawa a barandar makarantar firamare a garin nan in an kaɗa ƙararrawar fita wasa a watan Disamba ya san abin da nake nufi. Yara ashirin da biyu, kowa na kokawa da kayansa. Wandon ƙanƙara, ɗaya. Takalmi, biyu, kuma rabinsu na dama suke sa wa a hagu. Rigar sanyi da hannunta ya juye ciki, uku. Zif, huɗu. Abin naɗe wuya, biyar. Hula, shida. Safar hannu, bakwai. Minti ashirin kacal ake ba su a waje. Linnea tana iya yawancin waɗannan da kanta in an bar ta, amma kafin ta gama an kusa dawowa, ga Brynn tsaye a bakin ƙofa tana buga ƙafa. Don haka Marlys sai ta durƙusa ta shirya ta cikin minti biyu, don ta samu ta yi wasa da 'yan ajinsu. In yarinyar ta ruga waje, sai ta ɗauki allonta ta ja layi bakwai. Fita wasa sau biyu ne a rana, ga kuma lokacin tashi. Layi ashirin da ɗaya ke nan kullum, waɗanda babu su a Oktoba.

Kicin ɗina yana kallon barandar nan, kuma nakan fito in kama musu. Malamar ajin, Mis Perala, ita ma tana durƙushe tana ja wa wannan zif, tana nemo wa wancan safa. Wata rana na ga Marlys tana jan layukanta, abin ya tsaya mini a rai.

"Ke Marlys, wannan ma sai kin rubuta?"

"Na taimaka mata."

"Ni ma yanzun nan na ja wa yara huɗu zif. Ina takardarsu?"

"Ba a ba ni tasu ba."

"To ki yi kamar ba ki gani ba mana."

"Na gani."

"Kai, ke da Tsoho Eino dai ba ku da magani."

Sai ta faɗi abin da ya rufe mini baki. Ta ce in suka ga layi kaɗan, za su ce yarinyar ba ta buƙatar mataimakiya, su janye ta, su bar Linnea ita kaɗai a cikin aji, daga nan kuma sai ta faɗi. Gara su ga aikin da ake yi a kanta. Na juya maganar na ga da gaskiyarta, na koma kan tukunyata. Wannan komawar tana damuna har yau.

Taron Maris ya faɗo ran Talata, bayan an tashi yara. Mataimakan aji ba sa shiga irin wannan taro, ba a ma gayyatarsu. Mai zama da yarinya awa shida kullum tana waje, amma ni mai dafa wake na shiga, don ni ke kai gahawa da burodi. Mutum tara ne a gefe ɗaya na tebur. Corinne tana ɗaya gefen ita kaɗai da kayan aikinta a jiki, don mijinta bai samu fitowa daga aikinsa a ramin ƙarfe ba. An haska wani zane a bango, jan layi ne yana tafiya a kwance, can sai ya miƙe sama ya tsaya a can. Ina zuba gahawa ina jin matar ofis tana bayani da muryarta mai taushi.

"Kin gani, Misis Saari, daga tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da ajin ya shiga lissafin ɗebewa mai aro, taimakon da take buƙata ya ninka. Wata huɗu ke nan bai sauko ba. Aji uku kuwa ya fi wannan wuya. Ba ma so mu zuba ido tana shan wahala."

Na tura keken gahawata na fita. Ban gane komai ba, Allah ya sani. Na ɗauka lissafin ne da gaske. Marlys tana kicin tana jirana, ta sa rigar sanyinta amma ta kasa tafiya gida. Na kwashe abin da na gani na gaya mata.

"Yaushe layin ya tashi?"

"Wai tsakiyar Nuwamba."

Sai na ga ta nemi bokitin fulawa ta zauna a kai. Ta ce, "Ran sha huɗu ga wata ƙanƙara ta zauna bana."

Na tsaya da cokali a hannu. Da abin ya shige ni sai na yar da cokalin na ruga ɗakin taron. An watse. Kofuna ne kawai a kan tebur, Corinne ta sa hannu a kan a mayar da Linnea ajin wancan garin ta tafi.

Washegari da safe muka shiga ofishin shugaban makaranta, Mista Rudstrom, Marlys riƙe da littafin ubanta. Ta buɗe masa ranar, ta ƙirga masa bakwai ɗin da yatsa, ta ce sau uku a rana. Mutumin kirki ne. Ya cire tabarau ya dafe goshi. Sannan ya kira matar ofis a waya, ya buɗe muryar don mu ji. Ta saurara har ƙarshe, ta ce lalle wannan magana ce mai muhimmanci. Amma takardar ba ta raba taimakon sa kaya da taimakon karatu ba, layi layi ne, ba yadda za a yi a cire abin da ba a ware ba tun farko.

"Da a ce an riƙa rubuta bayani a gefe, Misis Koskela…"

"Ba a ce in rubuta a gefe ba."

"Haka ne. Za mu duba yadda za a gyara takardar nan gaba."

Nan na ɓalle. Na ce nan gaba ɗin wa? Na ce ke ba a jihar nan kike zaune ba, ba ki taɓa sa wa yaro takalmi a watan Janairu ba? Mutum tara a ɗaki, duk da rigunan sanyi kuka shigo, kun rataye su a bayan kujera, amma ba wanda ya ce me ke faruwa a Nuwamba? Mista Rudstrom ya ce, "Ardis, don Allah." Matar ta ce ta fahimci ɓacin raina, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ta ce shawarar ta kwamiti ce, uwa ta sa hannu, uwa ce kaɗai za ta iya neman a sake zama.

Ran Asabar da rana muka je gidan Corinne. Linnea tana waje da ubanta suna kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa. Marlys ba ta yi kwana-kwana ba, ko zama ba ta yi ba ta faɗi komai. Corinne ta saurara hannunta a cikin ruwan wanke-wanke.

"Kin san me ya sa na sa hannu?" in ji ta, ba ta juyo ba. "Sau nawa na zauna a teburin taron nan, su tara ni ɗaya, ban taɓa sa hannu a abin da ban yarda da shi ba. In likitansu ya faɗa, in ce ƙarya ne. In mai gwajinsu ya faɗa, in ce bai san 'yata ba. Amma ran Talata takardunki suka shimfiɗa mini, Marlys. Na ga rubutunki. Na ce in dai Marlys ce ta ja layukan nan, to gaskiya ne, ni ce na rufe ido nake wahalar da yarinya."

Marlys ta ce, "Gaskiya ne. Duk na ja su."

Ni da ba a raba ni da magana, ranar na tsaya ina kallon tabarmar ƙofa.

Corinne ta rubuta wasiƙa a ranar, mu biyu muka sa hannu a ƙasa a matsayin shaidu. Bayan mako uku amsa ta zo. An yarda za a sake zama, amma sai Oktoba, bayan Linnea ta yi mako shida a ajin musamman an ga yadda ya karɓe ta. Marlys kuma an riga an ba ta wani yaro na shekara mai zuwa. Aka ce wa Corinne ta nemi lauya. Wanda ya san irin wannan shari'a yana birni, tafiyar awa huɗu, masu jiransa kuma sun kai na shekara guda. Ta ba da sunanta aka rubuta a ƙasan jerin.

A farkon Afrilu ƙanƙara ta narke, yara suka koma fita da 'yar riga ɗaya. Layukan Marlys suka faɗo ƙasa, har ƙasa da na Satumba. Kowace Juma'a tana miƙawa a ofis, ba wanda ya sake tambayarsu.

Sai a makon ƙarshe na Afrilu ƙanƙara ta dawo, kamar yadda takan yi mana don ta nuna ba ta tafi ba. Iyaye suka sake fito da kayan da suka riga suka ninke. Da aka kaɗa ƙararrawa na leƙo baranda, na ga Marlys ta zauna a benci ta danne hannayenta biyu a ƙarƙashin cinya. Linnea ta miƙo mata takalmi.

"Kosi."

"Yau ke za ki yi."

"Brynn za ta tafi."

"Za ta dawo."

Yarinyar ta harare ta, ta zauna a ƙasa ta fara. Wando ya shiga. Takalmi ta sa shi a juye, ta miƙe ta ji ba daɗi, ta zauna ta sauya. Baranda ta zama ba kowa, ana jiyo ihun yara daga waje. Zif ɗin ne ya ƙi. Sau biyar yana zamewa, ta fara huci, hancinta na zuba. Marlys ba ta zaro hannu ba. Ni ma na riƙe ƙofar kicin da ƙarfi don kada in je. A karo na shida ya kama, ta ja shi har haɓa. Ta naɗe wuya, ta sa hula, ta cusa hannu a safa. Na duba agogon bango, minti goma sha ɗaya.

Ta tsaya a gaban Marlys, ta buga allon da safar hannunta. Duk watannin nan tana kallon ana jan layi a kanta, ta san takardarta ce.

"Kosi, rubuta. Ni kaɗai."

Marlys ta ɗaga takardar ta duba. Kwanan wata, sai filin layuka. Babu inda za a rubuta abin da yaro ya yi da kansa.

"Rubuta mana."

Sai ta juya takardar, ta rubuta a baya da manyan baƙaƙe: Linnea ta sa kayanta bakwai ita kaɗai. Ta karanta mata, yarinyar ta bi da yatsa har ta gano sunanta, sannan ta ruga waje ta samu minti tara ɗin da suka rage. Daga baya na tambayi sakatariyar ofis ko bayan takarda yana zuwa gunduma. Ta ce injin da ke ɗaukar hoton takardun gaba kawai yake ɗauka.

A Satumba ƙaramar bas ta fara tsayawa a ƙofar gidan Saari da ƙarfe bakwai saura kwata. Aka ɓare sunan Linnea daga jikin maratayin kaya a barandar aji uku, don har an riga an liƙa shi bisa kuskure. Brynn ta yi mako biyu tana tambayata yaushe za ta dawo, ina cewa ban sani ba, har ta daina. Marlys ta karɓi sabon yaronta da sabuwar takarda. An gyara ta kuwa, an ƙara fili a gefe don bayani. A taron Oktoba aka ce Linnea ta fara sabawa da wurin, sake ɗaga ta yanzu zai rikita ta, a bari sai Maris.

Ana saura mako guda Kirsimeti Corinne ta gayyace mu shan gahawa ran Lahadi bayan coci. Linnea ta rungume Marlys har ta kusa kayar da ita, ta ce mini tumbina ya ƙaru, ta tambaye ni ko Brynn ta samu sabon kare, sannan ta koma gaban talabijin. Corinne ta ɗauko wata takarda daga kan firiji ta ajiye a gabanmu. Rahoton sabuwar makarantar ne. An ce Linnea ta samu ci gaba sosai, taimakon da take buƙata ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da bara warhaka, wanda ya nuna ajin ya dace da ita.

Marlys ta karanta har ƙasa, ta sake karantawa.

"Sau nawa suke fita wasa a rana?"

Corinne ta ce, "Ba sa fita. Su takwas ne, malamai biyu, shirya su yana cin lokaci. A ɗaki suke wasa har sai ƙanƙara ta narke."

Na zuba wa kaina gahawar da ba na so, na shanye. Da muka tashi tafiya, muna sa kayanmu a bakin ƙofa, na ga Marlys ta sunkuya wajen da aka jera takalma. Na Linnea yana nan, sabo, ja, wanda uwarta ta saya mata a Oktoba. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta juya ta dubi ƙasansa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar da shi kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su.

Ban tambaye ta abin da ta gani ba. Na riƙe mata ƙofa muka fita.